Ɗan kwangila ya riƙe mini kuɗi a New York, har yaushe zan jira?

Wani ɗan'uwa mazaunin Bronx ya aiko da tambaya. Sana'arsa shimfiɗa tayil, ya karɓi aiki a hannun babban ɗan kwangila a wani gida na iyali ɗaya a Queens, ya gama ran 10 ga Maris, saura dala 14,000 ba a ba shi ba. Kullum sai a ce masa "mako mai zuwa". Ga shi an shiga Yuni, yana son sanin ko ya ƙara haƙuri.

Malam, haƙurin nan ya isa haka. Dokar jihar New York ta ba duk wanda ya zuba gumi ko kaya a gini damar ɗaura bashinsa a wuyan gidan kansa, ko da bai taɓa yin ciniki da mai gidan ba. Takardar da ake shigarwa don yin haka ita ce Amurkawa ke kira liyen. Da zarar ta hau kan gida, sayar da shi ko cin bashin banki da shi ya zama wahala, shi ya sa take sa mai gida ya kira ɗan kwangilarsa da gaggawa. Amma shigar da ita yana da wa'adi: wata 8 daga ranar aikinka na ƙarshe, in kuwa gidan iyali ɗaya ne, wata 4 kacal. Kai naka ke nan, 10 ga Yuli ƙofa za ta rufe.

Lissafin daga ranar da ka ajiye cokalin siminti yake farawa, ba daga ranar da ka aika takardar neman biya ba, ba kuma daga alkawarin ƙarshe da aka yi maka a waya ba. Na sha jin masu cewa za su koma su canja tayil guda da ya tsage don kwanakin su sabunta. Kada ka jingina da wannan, kotu ba ta cika ɗaukar gyaran aikin da aka riga aka gama a matsayin sabon aiki ba.

Abin da ya fi damuna ma ba 10 ga Yulin ba ne. A New York, ƙaramin ɗan kwangila ba ya kama fiye da abin da ya rage wa babban ɗan kwangila a hannun mai gida lokacin da aka shigar da takardar. In mai gida ya biya shi kaf a makon nan, takardarka ta zama fanko ko da kana cikin wa'adi. Don haka duk ranar da ka ƙara, kuɗinka ne ke zurarewa.

Ka je ofishin magatakardan gundumar Queens, inda gidan yake, ba Bronx inda kake kwana ba. Bayan shigarwa kana da kwana 30 ka isar da kwafi ga mai gida da ɗan kwangilar, sannan ka kai wa magatakardan shaidar isarwar cikin kwana 35 daga ranar shigarwar, in ba haka ba takardar ta mutu. Ka rubuta ainihin abin da kake bi. Na san haushi na sa mutum ya so ƙara wani abu na wahalar zirga-zirga, to wanda aka kama ya kumbura adadi da gangan, liyen ɗinsa ya rushe, har a ci shi diyya. Takardar shekara 1 take rayuwa. Kafin ta cika sai ka shigar da ƙara, ko ka nemi kotu ta tsawaita, don a gidan iyali ɗaya sai da umarnin alƙali.

Masu aiki a wasu jihohi kada su ari waɗannan kwanaki. A Kalifoniya, alal misali, ana son a aika wa mai gida sanarwar farko cikin kwana 20 da fara aiki.

Yau da dare ka tattara yarjejeniyarku, rasit na kaya, hotunan banɗakin da ka gama masu ɗauke da kwanan wata, da saƙonnin "mako mai zuwa" ɗin nan. Gobe ka kai wa lauyan da ya san harkar gini ya duba sunan mai gida da lambar filin kafin ka sa hannu.