Hukuncin saƙon waya da kuɗinsa ga mai tafiya a jirgin ruwan shaƙatawa

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗan kasuwa ne a nan Sakkwato, ina zaune a Mabera. Bayan Umarar bana, ni da maiɗakina da ƙanena muna da niyyar shiga jirgin ruwan shaƙatawa daga Jidda, mu yi kwana bakwai a Bahar Maliya. Mahaifiyata ta tsufa, ƙaramar waya mai maɓallai take riƙewa, kuma ba ta samun barci in ina hanya sai jikarta ta karanta mata saƙona. Wani abokina ya yi irin wannan tafiya, ya dawo ya tarar da bashi mai nauyi a layinsa na biya a ƙarshen wata, ya ce ba zai biya ba tunda bai san ana cajinsa ba. Shin kashe kuɗi a kan saƙo a tsakiyar teku almubazzaranci ne? Abokina yana da gaskiya? Kuma ya halatta mu sayi intanet ɗin jirgi na mutum ɗaya, mu uku mu yi amfani da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Alhaji, Allah ya karɓi Umararku, ya ƙara wa Inna lafiya. Tafiyar kanta halal ce matuƙar za ku tsare salla a kan lokacinta, ku nisanci wuraren caca da giya da tsiraici idan akwai su a jirgin, don haka zan wuce kai tsaye zuwa batun waya.

Hukunci yana bin fahimtar abin da ake yi wa hukunci, saboda haka wajibi ne mu fara sanin inda kuɗin yake zurarewa. Idan jirgi ya yi nisa da gaɓa, galibi bayan mil 12 na teku, wato kusan kilomita 22, wayarka takan rasa sabis ɗin ƙasa ta hau kan na jirgin, wanda yake aiki ta tauraron ɗan Adam, kuma farashinsa ya ninka na romin (wato amfani da layinka a kan sabis ɗin wata ƙasa) da aka saba da shi a tudu. Wayar ba ta neman izininka kafin ta hau. Tana cikin aljihun rigarka, ko a kan tebur kana barci, amma manhajoji suna sabunta kansu, hotunan da ka ɗauka a Harami suna hawa ma'ajiya, bidiyon zaurukan WhatsApp suna sauka ɗaya bayan ɗaya, kowane abu ana lissafa shi. Mafi yawan bashin da matafiya suke dawowa da shi daga nan yake fitowa, saƙon da suka rubuta da hannunsu ɗan kaɗan ne a ciki.

Idan wannan ya tabbata, to saƙon da za ka aika wa mahaifiyarka ba almubazzaranci ba ne, ko da kuɗinsa ya ninka na gida sau da yawa. Malamai sun fassara tabziri, wato almubazzaranci, da kashe dukiya a inda bai dace ba, israfi kuma da wuce iyaka a inda ya dace. Dubi ayar da ake kafa hujja da ita a Suratul Isra'i, aya ta 26: kafin Allah ya hana almubazzaranci, sai da ya fara umurni da a bai wa ɗan'uwa na kusa haƙƙinsa, kuma ayoyi uku kafin ta ya haɗa kyautata wa iyaye da bauta masa shi kaɗai. Tsohuwar da ta kasa runtsawa saboda ɗanta yana kan ruwan da ba ta taɓa gani ba, kwantar mata da hankali haƙƙinta ne a kanka, kuma ina ganin wanda yake da halin biyan kuɗin jirgin shaƙatawa ba shi da uzurin tauye mata shi da sunan tattali. Na faɗi haka ne saboda na ga masu hannu da shuni suna ƙwauron kuɗin kati ga iyayensu alhali ba su ƙirga abin da suka kashe a tsaraba.

Inda zargi yake shi ne sakaci. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Mugira ɗan Shu'uba cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah ya ƙi muku abubuwa uku: ce-ce-ku-ce, da yawan tambaya, da tozarta dukiya. Wanda bai sani ba babu zunubi a kansa. Amma kai yanzu ka sani, don haka barin data a buɗe har kuɗi su narke ba tare da wani ya amfana ba ya shiga tozarta dukiya. Abin da ya kamace ka shi ne ka kashe datar romin tun kuna tashar Jidda, ka sanya wayar a yanayin jirgin sama, sa'an nan ka kunna waifai kaɗai idan ka sayi na jirgin. Intanet ɗin jiragen ya ƙara kyau tun daga 2022, lokacin da manyan kamfanoni irin su Royal Caribbean suka fara komawa intanet ɗin tauraron ɗan Adam na Starlink. Da shi za ka iya tura saƙon murya zuwa wayar wani a cikin gida, a kunna wa Inna ta ji muryarka da kunnenta, kuma wannan ya fi mata rubutu nesa ba kusa ba.

Idan kuma sai saƙon kar-ta-kwana, to ka tambayi kamfanin layinka farashinsa a cikin jirgin ruwa tun kana Sakkwato, ka buɗe sabis na ɗan lokaci da data a kashe, ka tura, ka rufe. Akwai wani abu da ya shafe mu Hausawa musamman: saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ka sanya harafi mai lanƙwasa kamar ƙ ko ɗ ko ɓ, ko ka yi rubutu da haruffan Larabci, iyakarsa takan koma 70, sai gaisuwar da ka ɗauka saƙo ɗaya ce ta rabu biyu ko uku, kowanne da kuɗinsa. A wannan halin ka rubuta da haruffa marasa lanƙwasa, jikar za ta gane.

Game da abokinka, maganarsa ba ta da ƙarfi. Allah ya buɗe Suratul Ma'ida da umurnin cika alƙawura, kuma layin da yake riƙe da shi ƙulla yarjejeniya ce a kan farashin da kamfani ya bayyana. Jahilcin da yake ɓata ciniki shi ne wanda farashin ba shi da hanyar sani, amma farashin da aka wallafa mutum bai duba ba, rashin dubawar nasa ne. Tunda wayarsa ta ci sabis ɗin, bashin ya hau wuyansa, kuma hadisi ya inganta cewa jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne. Jefar da layin ya sayi sabo ba ya sauke masa komai. Duk da haka yana da damar ya nemi a ba shi lissafin dalla-dalla, ya nemi rangwame ko biya kashi-kashi, domin sulhu halal ne. Idan ya gano an caje shi abin da bai yi amfani da shi ba, ko an caje shi sama da farashin da aka bayyana, wannan ƙarin bai wajaba a kansa ba, kuma yana iya kai ƙara ga Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta lambar masu ƙorafi 622.

Tambayarka ta ƙarshe tana komawa ga sharaɗin da aka sayar da intanet ɗin a kansa, saboda hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Idan an sayar da shi a kan na'ura ɗaya a lokaci guda ba tare da an ɗaure shi ga sunan mutum ba, to babu laifi ku riƙa karɓa-karɓa, ko ku yi amfani da waya ɗaya ku uku. Idan kuwa an rubuta cewa na mutum ɗaya ne, ba a yarda a bai wa wani lambar sirri ko a rarraba shi zuwa wasu wayoyi ba, to yin dabara a kewaye wannan cin dukiyar mutane ne ba da yardarsu ba, kuma kasancewar masu jirgin attajirai ne, ko ba Musulmi ba ne, bai halatta shi ba. Ka karanta sharaɗin kafin ka biya, in bai fito fili ba ka tambayi ma'aikatan teburin baƙi na jirgin, abin da suka tabbatar maka shi za ka bi.

Wallahu a'alam.