Ina so in ga teku, amma ba ni da abokin tafiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomin riɗi ne a wani ƙauye cikin ƙasar Gumel. Tun ina yaro nake da burin in ga teku da idona, don ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne madatsar Tiga. Na riga na sauke farali, bana kuma gona ta yi albarka. Ina so in yi kamar mako guda a wani tsibiri, amma abokaina sun ce almubazzaranci ne, babu mai raka ni. Ina zan nufa? Kuma tafiya ni kaɗai ba hatsari?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Muddin ka fitar da zakka, ka bar wa iyali abin cefane, ba bashi a wuyanka, ban ga almubazzaranci a nan ba. Ka shirya ka tafi.

Ni dai Zanzibar zan ce maka. Tsibirai ne a gabar Tanzaniya, manyansu Unguja da Pemba, sun haɗe da ƙasar Tanganyika a 1964 aka samu Tanzaniya. Dalilina shi ne kusan duk mutanen wurin Musulmi ne. Za ka ji kiran salla daga masaukinka, za ka ci nama ba tare da tambayar wa ya yanka ba. Ga mai tafiya shi kaɗai wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin sahun masallaci shi ne wurin da baƙo ya fi saurin yin ido da mutane, ko da ba ya jin Suwahili.

Lokacinka ma ya dace. Kuɗin riɗi kan shigo hannu bayan kaka, Janairu da Fabrairu kuwa, sa'ad da hunturu ke kaɗa mu, can rana ce da zafi. Ka kauce wa Maris zuwa Mayu, damina ce mai ƙarfi.

Takardu su ne abin da za ka fara. Ɗan Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema tun daga gida an tantance shi, kuma tana ɗaukar lokaci. Kada ka biya kuɗin jirgi kafin ta fito. Ka riƙe katin rigakafin shawara. Tun Oktoban 2024 kuma hukumomin Zanzibar sun wajabta wa baƙi inshora ta dala 44. Hanya ta Addis Ababa ce ko Nairobi. Kana sauka ka canji shilin ɗinsu.

Sai inda za ka kwana, wanda a ganina shi ne zai gyara tafiyar ko ya ɓata ta. Masu shirya tafiye-tafiye za su so su kai ka otal ɗin bakin ruwa, inda Turawa ke kwanciya a rairayi tun safe har yamma. Kai da ka saba da majalisa da hayaniyar kasuwar Maigatari, kafin kwana biyu kaɗaici ya kama ka, ga shigar da ba za ka so gani ba. Ka sauka a tsohon gari, Stone Town. Lungunansa matsattsu ne, mota ba ta shiga yawancinsu, ƙofofin gidajen kuma katako ne mai sassaƙa da ƙusoshin tagulla. Bayan magariba ka gangara Forodhani, inda ake gasa kifi ana matse ruwan rake da citta a gabanka. Ka tambayi farashi kafin a ɗora maka a faranti. Ka leƙa tsohuwar kasuwar bayi da aka rufe a 1873. Ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi za su sa jikinka ya yi sanyi.

A matsayinka na manomi, kada ka bari gonakin kayan ƙamshi su wuce ka. Kanumfarin da muke saya a ƙulle a kasuwa, can za ka gan shi a bishiya, tohon fure ne da ake tsinka kafin ya buɗe, a shanya har ya yi baƙi. Na tsaya a gindinsa na murza ganyen a tafin hannuna, ƙamshin bai bar ni ba har la'asar.

Teku kuwa ka ware mata kwana biyu a Jambiani ko Paje, ƙauyuka ne na bakin ruwa a gabashin Unguja. Ruwan kan janye ya yi nisa, ka ga mata sun shiga suna gyara igiyoyin ciyawar teku da suke nomawa, sannan ya dawo cikin 'yan sa'o'i. A nan hatsarin yake, Alhaji. Iyon da ka koya a kududdufi ba zai yi maka aiki ba. Kada ka bi ruwan da ya janye ka yi nisa kai kaɗai, kada kuma ka hau kwalekwale sai an ba ka rigar kariya. Fasfo ya zauna a masauki, hotonsa a wayarka, sunan masaukin kuma ka tura wa babban ɗanka. Agogonsu ya riga namu da awa biyu, sai ka gaya wa iyali lokacin da za su riƙa jiran kiranka.