Amsa ga ɗalibar da ke bitar Bayoloji kafin WAEC

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce kina ajin ƙarshe na sakandare a Daura, saura mako shida a fara WAEC, littafin ya yi miki kauri, kuma abin da kika haddace da dare ba ya kaiwa safiya. To, kada ki koma shafin farko. Lokaci ba zai isa ba, kuma hadda ba ta riƙe Bayoloji sai an gane yadda abu ke aiki.

Fara da rabuwar ƙwayar halitta. A jikin mutum, a maitosis, ƙwaya ɗaya ce ke zama biyu, kowacce da kuromosom 46, wato zararrukan da ke ɗauke da gado, da ita jiki ke girma, rauni ke warkewa. A mayosis kuwa huɗu ake samu, kowacce da 23, kuma a wurin samar da maniyyi da ƙwai kaɗai take faruwa. In wannan ya zauna, darasin gado zai zo miki da sauƙi.

Gadon nan ki ba shi kwanaki, ki yi aiki da sikila tunda ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. A ita ce ƙwayar gado ta lafiyayyen jini, S ta sikila. A ce uba da uwa duka AS ne. Zana akwati mai gida huɗu, A da S na uba a sama, A da S na uwa a gefe, ki haɗa. Za ki samu AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya, wato kashi 25, 50 da 25 cikin ɗari. Inda ɗalibai ke faɗuwa shi ne su ce cikin 'ya'ya huɗu dole ɗaya ya zama SS. A'a. Kowane ciki da nasa lissafin, ana iya haifar huɗu duka SS, ana iya rasa ko ɗaya. Sai ki gwada AS da AA, da AS da SS, da hannunki, littafi a rufe.

A zagayen jini, ateri jijiya ce mai ɗauke jini daga zuciya. Kada ki ce mai ɗauke da iskar oksijin, domin wadda ke zuwa huhu ba irin wannan jinin take kaiwa ba, kuma masu tambaya suna son wannan tarkon.

Furaktikal ne ya fi damuna, don a nan ake zubar da maki a banza. A gwajin abinci, aidin a kan sitaci yana ba da shuɗi mai duhu kamar baƙi. Ruwan Benedict sai an ɗumama shi da gulukos kafin ya koma ja kalar bulo, kuma duk wanda ya manta rubuta ɗumamawar ya rasa makin. Ruwan Biuret da furotin, kalar shunayya. Mai kuwa, tabon da ƙosai ke bari a takarda har haske ya ratsa, shi ne gwajin. Zane da fensir mai tsini, ba a yi masa inuwa, layukan suna a ja su da rula kada su gicciye juna. Ki sa taken zanen, ki sa girmansa: tsawon zanenki a raba da tsawon ainihin abin. Sunayen sassa ki riƙa rubuta su da Turanci kullum, harafi ɗaya ya kuskure an soke.

Muhalli kada ya ci miki lokaci. Ki duba aduwa da ƙayarta da ƙananan ganyenta masu rage fitar ruwa, da kuka mai ajiye ruwa a jikinta ta kaɗe ganye da rani. Ki san macen sauron anofilis ce ke yaɗa maleriya, tsargiya kuma ta katantanwar kududdufi take biyowa.

Kowane dare ki amsa tambayoyin baya guda 20, ki rubuta waɗanda kika faɗi a littafi daban. Ranar Juma'a su za ki sake yi. Wadda ta gagara ki turo nan, mu warware tare. Allah ya ba da sa'a.