Tambaya da Amsa: In bareyin Amurka suna karewa, me ya hana a ajiye bindiga?

Wasikun wannan makon da yawa a kan abu daya suka zo, wato barewar nan mai manyan kunnuwa kamar na alfadari da ake samu a yammacin Amurka. Ga wadanda fili ya dauka.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni dalibi ne a jihar Wayomin, kuma tun da na zo nake jin mutanen nan suna kukan wai barewarsu mai kunnen alfadari, wadda suke cewa mule deer, tana karewa. Amma abin mamaki kaka na yi sai kaga kowa ya saka riga ruwan lemo ya sabi bindiga ya nufi duwatsu, kuma hukuma ce da kanta ke sayar musu da lasisin. Dan Allah wannan ba rainin hankali bane? Me zai hana a rufe farautar gaba daya ko na shekara biyar ne?

AMSA: Wa alaikumus salam dan'uwa. Kukan nasu gaskiya ne. A jihar Kolorado an kiyasta bareyin nan sun kai wajen 600,000 a 2006, zuwa 2013 sun dawo kimanin 390,000. A nan jihar da kake kuwa sanyin 2022 zuwa 2023 ya yi musu mugun ta'adi, garken duwatsun Wyoming Range da ke da kusan 30,000 ya koma wajen 11,000, kuma 'ya'yan da masu bincike suka daura wa na'ura a wuya a wannan garken ba wanda ya ga karshen sanyin. Hukumar farauta ta jihar ma bata zauna ba, a 2023 ta zaftare lasisi dubbai.

To amma ba a nan gizo ke sakar ba. Mafi yawan mutanen da kake gani da rigar lemo, lasisin namiji ne a aljihunsu. Barbara a wajen watan Nuwamba ake yi, namiji daya yana zagaya mata da yawa, kuma ko a wuraren da maza suka yi karanci in aka auna sai a tarar sama da kashi 90 cikin dari na manyan mata suna da ciki, da yawansu ma tagwaye suke haifa a karshen Mayu ko Yuni. Duk wanda ya taba kiwo ya san wannan, ana sayar da bijimai garke bai ragu ba, ranar da aka fara taba shanun haihuwa ranar aka fara cin uwar kudi. Shi yasa abin da masanan suka fi zuba wa ido ba yawan maza bane, a watan Disamba suke hawa jirgi mai saukar ungulu su bi garke suna kirga 'ya'ya nawa ne a bayan kowace mace 100, in lissafin ya gaza wajen 66 to an san garken raguwa zai yi, ko an harbi namiji ko ba a harba ba. Kolorado ta gwada. Tun 1999 ta daina sayar da lasisin barewa ga duk wanda ya zo, ta mayar da shi sai ta kuri'a, maza suka karu, masu manyan kaho suka karu, mafarauta suka ji dadi, amma hakan bai hana garken zubewa bayan 2006 ba.

Inda doka ke da hakori shi ne lasisin mace. Wannan kam in garke na raguwa ni a ganina bai kamata a tsaya wata shawara ba, a rufe shi nan take, kuma yawancin jihohin haka suke yi.

Sai maganar kudi, wadda mutane basu cika so a fada ba. Hukumomin nan da kudin lasisi suke rayuwa, da kuma wani haraji da dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta dora, kashi 11 cikin dari a kan dogayen bindigogi da harsasai da kayan kwari da baka, gwamnatin tarayya ta tara ta raba wa jihohi, kuma yawan masu lasisi a jiha yana cikin abin da ake dubawa wajen rabon. In ka rufe farauta shekara biyar ka rufe aljihun da ake biyan jirgin kirga da na'urar wuya da gyaran daji, alhali abin da ke kashe bareyin yana nan daram.

Me ke kashe su? Galibi rashin kitse. Barewar nan da kitsen da ta tara lokacin da ganye ke danye take shiga sanyi, tana cin 'yan kananan itatuwa irin su sejburosh tana kona kitsen a hankali har kankara ta narke, in ta shiga a rame ko sanyin ya yi tsawo shikenan, ko ta mutu ko ta haifi dan da ba zai yi kwari ba. Wuraren da take sauka ta yi sanyin kuwa su ne kwaruruka, daidai inda mutane ke son gina gidaje da shimfida titi da hakar iskar gas. A filin gas na kusa da garin Pinedale a Wayomin an bi bareyin shekara 17, aka ga sun ragu da kashi 36 cikin dari kuma basu taba sabawa da rijiyoyin ba. Ga wata bakuwar ciyawa da ta mamaye dajin, tana bushewa da wuri tana jawo gobara, gobarar ta cinye itatuwan da barewa ke ci. Ga fari. Ga tafiya, don akwai garken da ke yin kusan kilomita 240 daga hamadar Red Desert zuwa Hoback duk shekara ya dawo, yana ketare titi da shingen waya ba adadi. In kana da hali ka je wajen da ake kira Trappers Point kusa da Pinedale din, a 2012 aka gama gadoji biyu na sama da hanyoyi shida na karkashin titi don dabbobi kawai. Kolorado ta yi irinsu a babbar hanya mai lamba 9, kade dabbobi ya ragu da kusan kashi 90 cikin dari, kuma mota bata zaben namiji, har mai ciki take kwashewa.

TAMBAYA: Malam ance a jihar Yuta gwamnati na biyan mutane kudi su kashe koyote don a ceci bareyi. Gaskiya ne? Kuma yana aiki?

AMSA: Gaskiya ne, a 2012 majalisar jihar ta yi dokar, aka fara da dala 50 kan kowane koyote, wato karen dajin nan mai kama da dila, mutum ya kawo fatar kai da kunnuwa biyu da mukamukin kasa, ya kuma fadi inda ya kashe shi. Daga 2023 ma sun sake wa mafarauta mara a kan zakin dutse, wato katon kyanwar dajin nan mai cin bareyi, ko wane lokaci a shekara ana iya farautarsa.

Yana aiki? Ni dai ban gamsu ba. Koyote yana cin 'ya'yan barewa, ba mai musu, wanda ya ga gashi da kashi a kan kankara ba zaka hana shi jin haushi ba. Amma a kudu maso gabashin jihar Aidaho an yi gwaji na gaske daga 1997 zuwa 2003, aka rika rage koyote da zakin dutse a wasu yankuna aka bar wasu, a karshe abin da ya fi juya yawan garken shi ne tsananin sanyi, rage dabbobin da ke cin bareyin bai kara wani abin a zo a gani ba. A Kolorado kuma aka bi ta daya gefen, aka kara wa wasu bareyi abinci mai kyau lokacin sanyi don gwaji, sai 'ya'yan suka fi rayuwa, har wadanda koyote da zaki ke kamawa suka ragu, saboda dabba mai koshi bata kamuwa da sauki. Kaga kenan sau da yawa koyoten yana karasa wanda yunwa ta riga ta kayar ne, an bar jaki ana dukan taiki. Kuma lada irin wannan mutum inda ya fi masa sauki yake zuwa ya harba, ba lallai inda bareyi ke haihuwa ba.

Amurkawa ma suna da tsohon labari a kan haka. A 1906 shugaba Theodore Roosevelt ya kebe tsaunin Kaibab a Arizona, aka hana farautar barewa aka bi zakuna da kyarkeci da koyote ana kashewa, bareyi daga wajen 4,000 suka yi yawan da wasu suka ce ya kai 100,000 a 1924, suka cinye dajin tas, yunwa ta kwashe su. Masana daga baya sun yi ta gardama kan alkaluman da kuma rawar da rage shanu da tumaki a wajen ya taka, amma cinye dajin da mutuwar kam sun faru.

TAMBAYA: Baba mai amsa, mijina abokan aikinsa mafarauta ne, shi ne suke ba shi labarin wai akwai wanda ake ba kyauta don ya fasa harbi. Ni abin dariya ya bani, mutum ya sayi lasisi da kudinsa kuma a roke shi kar ya yi amfani da shi?

AMSA: 'Yata ba karya suka yi masa ba. Bayan sanyin nan na 2023 wasu mutanen gari a Wayomin, ba gwamnati ba, suka kirkiro shiri mai ma'anar a kyale barewa ta wuce, ka sayi lasisinka ka aika musu da shi baka yi amfani da shi ba, su saka sunanka a kuri'ar kyaututtukan da 'yan kasuwa suka tara. Dabarar tana da kyau ta fuska daya, kudin lasisin ya shiga asusun hukuma, barewar kuma ta tsira. Sai dai galibi maza ne suka tsira, kuma kin ji abin da na fada a sama. Ya sanyaya zukata, bai haifi 'ya'ya ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Yuta, shirin mafarauci mai sadaukarwa. Shekara uku ake yi, ana barin mutum ya fita duk lokutan farauta uku, na baka da na bindigar dure da na bindigar zamani, amma barewa biyu kacal zai dauka a shekara ukun, kuma sai ya yi aikin sa kai na awa 32, dasa itatuwa ne, gyaran wurin shan ruwa ne, gyaran shinge ne. Kar ki raina gyaran shinge. Barewa ta zo tsallake waya a gajiye, kafar baya ta shiga tsakanin waya ta sama da mai bi mata, wayoyin su murde su rike ta, haka zata rataye kai a kasa har ta mutu. Maganin kawai a sauke wayar sama zuwa kimanin mita daya, a bada tazara tsakaninta da ta biyu, ta kasa kuma a sa marar kaya a daga ta yadda dan karami zai ratsa. Mutum daya da filaya a hannu a yini guda zai iya ceton matan da lasisinsa bai taba shafa ba.

Akwai kuma ladan tona asirin masu farauta ta barauniyar hanya, a Oregon da Kolorado mai bada labari zai iya samun makin da ke kara masa damar cin kuri'ar lasisi, wanda a wajen mafarauci wani lokaci ya fi kudi. Lasisin da ake gwanjonsa kuwa, inda a 2016 wani ya biya dala 410,000 don lasisin namiji daya a tsibirin Antelope na Yuta, kudin dai yawancinsa gyaran daji yake tafiya, amma kananan mafarauta da suka shekara goma suna jiran kuri'a suna da dalilin tsaki.

TAMBAYA: Tunda yunwa ce, me zai hana a zuba musu busasshiyar ciyawa lokacin kankara?

AMSA: Kul. Tumbin barewar nan bai iya sarrafa ta farat daya, ana tsintar gawarta ciki cike da ciyawa. Hukuma kan ciyar a shekarar da abin ya baci, kamar Yuta a 2023, amma da wani hadi na musamman, kuma a Kolorado laifi ne mutum ya ciyar da su da kansa. Taimakon da ake nema a wajen mutane shi ne a daina firgita su, shi yasa a yammacin Wayomin aka hana tsintar kahon da maza ke zubarwa a filayen gwamnati daga 1 ga Janairu zuwa 30 ga Afrilu, kowane gudu kitse ne ya kone.

TAMBAYA: Malam in dai a bar maza su girma ba ya cutar da komai, me yasa naji wata hukuma na cewa a kara harbin manyan maza?

AMSA: Ana kukan targade sai ga karaya. Akwai wata cutar rama da ake kira CWD, a 1967 aka fara ganinta a jikin irin wadannan bareyin a wata cibiyar bincike a Fort Collins ta Kolorado. Ba kwayar cuta bace irin wadda aka saba, wani furotin ne da ya lankwashe ba daidai ba yake lalata kwakwalwa, ba magani ba rigakafi, duk wadda ta kamu sai ta mutu, kuma yana zama a kasa shekaru. Manyan maza sun fi kowa dauka saboda yawonsu da cudanyarsu lokacin barbara. To ka ga inda aka shiga tsaka mai wuya, dokokin da aka yi don faranta wa masu son babban kaho su ne ke tara irin dabbar da ta fi yada cutar. Tsarin da Kolorado ta fitar a 2018 ya ce in cutar ta haura kashi 5 cikin dari a manyan mazan wani garke dole a dauki mataki, kuma yawanci matakin shi ne karin lasisin maza, abin da mafarauta da yawa basa son ji ko kadan.

Har yanzu ba a tabbatar ta kama dan Adam ba, amma hukumar lafiya ta Amurka ta ce kar a ci naman da gwaji ya nuna yana da ita. In abokinka ya kawo maka nama daga yankin da cutar take, ka tambaye shi ko ya kai kan an cire kaluluwar wuya an gwada, kuma ka bar naman a firiza har sakamako ya fito.