Amsa: Injin kwale-kwalena yana ɗaukar zafi

Malam, ka ce Yamaha ɗinka mai ƙarfin doki 40 yana zafi tun da ruwa ya ja baya. Fara duba ɗan ruwan nan da yake tsartuwa ta bayan injin. In ya yi rauni ko ya ɗauke, kashe injin nan take. Galibi leda ce ko ciyawa ta toshe kafofin shan ruwa da ke saman farfela. In ka share bai gyaru ba, to robar famfon da ke jawo ruwan sanyaya injin ce, wadda makanikai ke kira imfela. Yashi ke cinye fukafukanta. Ni duk shekara nake canza tawa. Kuma don Allah kar ka tayar da injin a tudu, robar ƙonewa take yi.