Bayan aikin yanar ido, ɗana ya fara harara-garke

Tambaya: Assalamu alaikum likita. An yi wa ɗana aikin yanar ido a idon hagu yana wata 5. Yanzu ya shekara 2, idon ya fara karkata wajen hanci, wani lokacin har rawa yake yi. Kakarsa ta ce in ƙyale shi, zai miƙe in ya girma. Aikin ne bai yi ba? Daga Maman Khalid, Kumo.

Amsa: Wa alaikumus salam Maman Khalid, Allah ya ba shi lafiya. Karkatar idon ba ta nuna aikin ya ɓaci. Wani bincike a Amurka ya bibiyi jarirai 114 da aka cire wa yana a ido ɗaya, kuma kusan kashi 80 cikin 100 sun samu harara-garke zuwa shekara 5.

Ido hoto kawai yake ɗaukowa, ƙwaƙwalwa ce ke gani, kuma a watannin farko take koyon haɗa hoton idanu biyu. Lokacin da yana ta rufe na hagu, ƙwaƙwalwarsa ta saba da na dama, ta yi watsi da ɗayan. Idon da aka daina aiki da shi kuwa karkacewa yake yi. Shi ya sa muke son a yi irin wannan aiki kafin jariri ya wuce sati 6.

Ina ganin girman Kaka, amma ban goyi bayan jira ba. In yaro ya kai shekara 7 zuwa 8, gyaran gani yana yin wuya ƙwarai.

Aikin da ke gabanki biyu ne. Ya riƙa sa tabarau kullum, ko da an dasa masa madubin roba a cikin idon, a kuma riƙa sake awo, don lambar tana canzawa yayin da idon ke girma. Sai rufe lafiyayyen idon da filasta na awannin da likitansa ya yanka, don a tilasta wa mai raunin aiki. Nan ne wahalar take. Zai yi kuka, zai fizge, mutanen gida za su ce kina azabtar da shi. Ki daure, ki zauna da shi kuna wasa da abubuwa masu launi har ya shagala.

Rawar idon takan ragu idan gani ya ƙaru, ko da yake ba lallai ta tafi gaba ɗaya ba. Aikin miƙar da ido yana nan daga baya, amma tsokokin da ke juya ido yake gyarawa, ba ya ƙara gani.

Ki kai shi ɓangaren ido na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe cikin makonnin nan, a duba ko wata yanar ta sake toshe hanyar haske, a kuma auna hawan jinin ido, wanda kan iya biyo bayan wannan aiki ko bayan shekaru. In kin ga hawaye ba tsayawa, gudun haske, ko idon na ƙara girma, ki tafi a ranar.