Kwamfutar kwantum: ta shiga kasuwa ne, ko har yanzu tana ɗakin gwaji?

Tambaya: Malam, ina aiki a sashen kwamfuta na wani banki a Yamai. Ana ta cewa kwamfutar kwantum ta shiga kasuwa, kuma za ta fasa sirrin bankuna. Yaya gaskiyar maganar take, kuma me ya kamata mu yi?

Amsa: Ɗan'uwa, ta shiga kasuwa, amma galibi haya ake yi ta intanet. IBM ne ya fara buɗe wa jama'a na'ura mai kubit 5 (kubit shi ne ƙaramin ma'ajin bayani a kwamfutar kwantum, kamar bit a kwamfutar da muka sani) a 2016, yau kuma Amazon da Microsoft ma suna ba da haya. Masu biyan kuɗin, kamar kamfanonin magunguna da manyan bankuna, gwaji suke yi. Aikinsu na kullum kwamfutar da muka sani ce ke ɗauke da shi.

Abin da ya riƙe ta shi ne kuskure. Kubit ba ya jure zafi, ko girgiza, ko ɗan motsin maganaɗisu; galibi cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya sai bayanin da ke jikinsa ya watse. Shi ya sa na'urorin Google da IBM ke zama cikin firji mai sanyin kusan digiri 273 ƙasa da sifiri. Maganin shi ne a haɗa kubit masu yawa su riƙa gadin juna, har su zama guda ɗaya abin dogaro. Don haka kada yawan kubit ya ruɗe ka. Condor na IBM ya kai 1,121 a 2023, amma a ganina Willow na Google, mai 105 kacal, ya fi shi muhimmanci: a Disamban 2024 ya nuna cewa idan aka faɗaɗa rukunin kubit ɗin, kuskure raguwa yake yi, ba ƙaruwa ba.

Batun sirri kuwa, tun 1994 masanin lissafi Peter Shor ya fito da dabarar da kwamfutar kwantum za ta iya amfani da ita ta karya RSA, ɗaya daga cikin hanyoyin kulle bayanai da bankuna ke amfani da su. Ƙiyasin da wani mai bincike na Google ya yi a 2025 ya ce karya RSA-2048, nau'in RSA da aka fi amfani da shi, na buƙatar kubit da bai kai miliyan ɗaya ba, da aikin kusan mako guda. Babu na'urar da ta doshi wannan a yau. Abin da ke damuna shi ne ɓarawon da zai kwashi bayananku a kulle yanzu, ya adana su har ranar da makullin zai samu.

Ku fara da rubuta duk inda kuke amfani da RSA ko ECC, wata hanyar kulle bayanai da dabarar Shor ita ma za ta iya karyawa: katunan cirar kuɗi, manhajar waya, layin da ke haɗa ku da BCEAO, babban bankin ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma, da GIM-UEMOA, cibiyar katunan bankunan yankin. Ku ware bayanan da dole sirrinsu ya daɗe shekaru 10 ko fiye. Sannan ku tambayi masu sayar muku da manhaja, a rubuce, yaushe za su sa ML-KEM da ML-DSA, sababbin hanyoyin tsare bayanai da aka tsara don su jure kwamfutar kwantum, waɗanda hukumar NIST ta Amurka ta amince da su a Agustan 2024. Ku gwada kafin sauyawa, domin sababbin makullan sun fi tsofaffin girma, kuma tsofaffin na'urori kan ƙi karɓarsu.